Ƙasar Inuwa da Idon Yaya Tasalla

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi ta launi-launi, ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya tsaga ido ya zuba masa gani. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don ni in na ɗauko zance ba na son a katse ni, kuma tsufa bai rage mini wannan hali ba ko kaɗan.

Ni ne Tunau ɗan Shekarau, mutumin Birnin Kantu, wanda aka fi sani da Wutar Kara saboda saurin hawa. Garinmu yana tsakiyar Farin Fili, inda duk ta inda ka dosa sai ka yi kwana arba'in kana taka gishiri kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa. Ganuwarmu gishiri ce, ɗakunanmu gishiri, har dakalin da tsofaffi ke zaman hira da gishiri aka yi shi. Hatsi da itace da tukwanen ƙarfe duk ayari ke kawo mana, sau ɗaya a shekara, ya ɗebi gishiri ya koma. Ba mu da yumɓu, ba mu da maginin tukunya. Har na tsayar da gemu ban taɓa ganin an sa ƙasa a wuta ba, ban kuma taɓa jin wanda ya gani ba.

Gari ne mai kyau, amma farinsa na da cuta. Rana ta bugi bango, bango ya bugi ido, yau da gobe sai ganin mutum ya yi ta dushewa har ya ƙare. Farau muke ce wa cutar, kuma ta fi kama masu aikin allura.

To, yayata Tasalla da allura ta rene ni. Ubanmu ban san shi ba, Innarmu kuwa ta rasu ina ɗan shekara biyar, Yaya tana da sha huɗu. Ɗinkin hula da wuyan riga shi ne cinmu, shi ne suturarmu. In na yi faɗa a waje, kuma kullum sai na yi, ita ke zuwa ta ba da haƙuri, ta dawo ta murɗe mini kunne, sa'annan ta zuba mini abinci ta ƙara mini da nata. Wallahi ban san wani mahaluki da nake ƙauna kamarta ba.

Innarmu baƙuwa ce a garin, daga wasu tuddai na gabas aka auro ta. Ta zo da wani dunƙulen ƙasa a ƙullin tsumma, ja-ja mai duhu, kamar bayan ƙosan da ya soyu da kyau. Ta dama kaɗan ta shafa a bangon ɗaki, faɗin faifai. In idonta ya gaji da fari sai ta ɗago ta kalli wurin, ya huce. Haka Yaya ta gada, tana ɗinki tana ɗagowa, shekara da shekaru.

Ran nan da hantsi, ina shirin fita haƙar gishiri, sai ta ce, “Auta, zo ka zura mini zaren nan.”

Na tsaya sororo. Matar da ke zura zare tana hira ba ta ko kallon allura! Ban fita aiki ba, na je na jawo Wanzami Dogara, mai duba ido a unguwarmu. Ya buɗe fatar idonta ya daɗe yana kallo, sa'annan ya ja ni zaure.

Ya ce, “Farau ce, amma ba ta ci rabi ba. Abin da ya riƙe idon nan har yau, wancan shafen na mahaifiyarku ne. Da za a shafe ɗakin duka da irinsa, bango huɗu da rufi, da ta mutu da ganinta.”

Na ce, “To a shafa shuni mana! A shafa lalle!”

Ya ce, “Kai dai Wutar Kara ne. Wa ka gani bai gwada ba? Shuni da lalle da makuba duk kwana bakwai gishiri ke cinye su. A rataya zane, ya ruɓe. A rufe ta a duhu, ranar da ta leƙo waje idon ya tafi gaba ɗaya. Ƙasar nan kaɗai na ga ta shekara talatin a bango ba ta koɗe ba.”

“Zuwa yaushe idon zai jira?”

“Zai jira ayari ya sake zuwa sau biyu. In ya zo na uku, kada ka neme ni.”

A lokacin kuwa ayari na gari yana ɗaurin kaya. Ban yi shawara da kowa ba na ce zan bi shi. Yaya ta yi faɗa, ta yi lallashi, da ta ga ba ni da niyyar saukowa sai ta kwance tsumman Inna ta ba ni abin da ya rage, bai fi goro ɗaya ba. Ni kuma na sari kantun gishiri guda na sa a jaka, don duk ƙasar da na samu in shafa a jikinsa in ga ko za ta zauna.

Ta rako ni har ƙofar gari tana riƙe da gefen rigata. Ta ce, “Auta, in an ba ka abinci a garin mutane, ka zauna ka ci. Ban da hura hanci.”

Na ce, “Haba Yaya, sai ka ce yaro? Shekarata talatin fa.”

Ta ce, “Ka tara su ɗari. Ni dai na san wanda na goya.”

Kwana arba'in muka yi a Farin Fili, muka fita a wani gari da ake kira Bakin Ƙasa, inda ayari ke sauka yana tashi. Can na fara taka ƙasa, har na durƙusa ina damƙarta, mutane na dariya. Can kuma aka fara cutata. Wani mai zaƙin baki ya ga abin da nake nema, ya kawo mini ƙasa jawur, ashe da ruwan goro ya rina ta. Kwana uku gishirina ya cinye ta. Daga ranar na ƙulla a raina cewa duk mutanen ƙasa macuta ne, kuma ba wanda zai sake mayar da ni wawa.

A wata na uku da barin gida na isa tuddan da Inna ke ba mu labari. Tuddai bakwai ne, kuma abin al'ajabi, inuwarsu ba ta bin rana. Inda ta kwanta da safe nan take har la'asar, kamar an kafa ta da turke. A ƙarƙashin wannan inuwa mutanen wurin ke haƙa ramuka suna fito da ƙasa, shi ya sa suke kiranta ƙasar inuwa. Aka nuna mini gidan babbansu, wani tsoho mai yatsa shida da ake kira Baba Cindo.

Na miƙa masa dunƙulen Inna. Ya juya shi, ya sansana, ya ɗan lasa, sai ya yi murmushi. Ya ce, “Tamu ce, ɗana. Daga ramin gidan nan ma ta fito.”

Zuciyata ta yi fari. Ya shiga ciki ya fito da kwando cike da ƙasa ya ajiye a gabana. Da na duba sai na ji jinina ya hau. Wata irin ƙasa ce mai launin ruwan kududdufi, toka-toka da ɗan kore, ko kusa ba ta yi kama da ta Inna ba. Na ɗora dunƙulena a kai, bambancin ko makaho ya shafa zai ji.

Na ce, “Baba, kai ne ba ka gani, ko ni ka mayar makaho?”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ita ce. Zauna, ga tuwo a wuta. In an sauke tukunya sai in nuna maka.”

Na ce, “Ina ruwan tukunya da ƙasa? Na baro yayata ido na ƙarewa, kai kana yi mini zancen tuwo! An cuce ni sau ɗaya, ba za a ƙara ba.”

Na suri jakata na fice. Tsohon ya biyo ni har ƙofar gida, ya kama jakar kamar mai gyara mini ratayarta, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ko amin ban ce ba. Kash! Duk sanda na zo wannan wuri a labarin nan sai in ji kamar in mari kaina. Ko shafa ta a gishiri ban yi ba, don launin bai yi mini ba.

Na nausa kudu ina tambaya, wata biyu, har na kai wani birni a bakin teku da ake kira Tashar Murjani, inda gidaje ke tsaye a kan ƙafafun itace, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsu. Mutum na farko da na nuna wa dunƙulena ya ce, “A'a, umba!” Ya kama hannuna yana ja, ni kuwa har da hamdala. Ina ya kai ni? Wurin dillalin dawakai, aka fito mini da wata goɗiya. Na ce ba ita ba. Wani ya kai ni marina aka buɗe mini zannuwa, wata mata kuma ta ɗago mini kifi ta wutsiya tana rantsuwa umba ne na gaske. Ashe a bakinsu duk abin da ya ɗauki wannan launi umba ne, har wani ƙwaro mai fukafukai da ke laɓewa a jikin itace. Sunan ya cika gari, amma da na ce ƙasar nake so, sai kowa ya ɗaga kafaɗa, wai su dai sun tashi sun ji ana faɗa.

Daga ƙarshe wani matuƙin jirgi ya ce ya san wani tsibiri mai jajayen tsaunuka, launinsu sak da abin da ke hannuna. Sai da muka jira iska ta juya, wata huɗu ina dako a tasha ina cizon yatsa, kafin muka tashi. Muka yi wata guda a ruwa. Da muka hango tsibirin sai na ga ashe ba tsaunuka ba ne, suri ne na gara, kowanne ya fi ganuwar garinmu tsawo. Tsakaninsu da gaɓa kuwa fadama ce baƙa ƙirin.

Matuƙin ya ce, “Iyakarmu nan. Fadamar can ba a shiga.”

Na ce, “Ku ne dai ba ku shiga.”

Na faɗa ruwa na kutsa. Ban yi taku ɗari ba na ji abu ya naɗe mini ƙafa, wani ya kama cinya, wani ya hau baya. Matsattsaku ne, jama'a, amma kowanne kaurin taɓarya! Na ja, na doka, na yanka da wuƙa, ko gezau, sai ƙara kumbura suke da jinina. Idona ya fara juyawa. Ina lalube a jaka sai hannuna ya faɗa kan kantun gishiri. Na tuna yadda ake yi wa ƙananansu a rijiyoyin hanya, na kankaro gishiri da wuƙa na watsa wa na cinyata. Sai ga shi ya murɗe, ya saki, ya faɗa ruwa tim. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Sa'annan na yage hannun rigata biyu, na cika su da garin gishiri, na ɗaure a ƙwaurina. Haka na ratsa fadamar, suna darewa a gabana, ni kuwa ina zaginsu da iyayensu.

Na isa gindin suri na farfasa gefensa. Ƙasar ja ce mai duhu, ta yi kusa da ta Inna ƙwarai. Na dama na shafa a ɗan gishirin da ya rage, na zauna gadi ina cin 'ya'yan itace. Kwana ɗaya lafiya, kwana uku lafiya, har na fara waƙa. Ran na biyar na duba, shafen ya koɗe ya koma kamar dattin hannu. Na ɗaga kai na hango teku, jirgi ya yi tafiyarsa tuni. Ga jini ya ƙare a jikina, ga zazzaɓi ya rufe ni. Na kwanta a wurin na ce, Yaya, ki yafe mini.

Da na farfaɗo sai na gan ni a wata bukka, wata tsohuwa mai faɗin kafaɗa tana ɗura mini kunu. Sunanta Iya Lantana, daga wani ƙauye a ɗaya gefen tsibirin. Ta zo ɗibar yumɓu ne ta tsince ni, ta ɗora ni a jakinta kamar buhu. Wata biyar na yi a hannunta kafin ƙafata ta ɗauke ni. In na ce zan tashi sai ta danne ni da hannu ɗaya ta ce, “Kwanta, ɗan nema. Gawa ba ta kai saƙo.”

Ranar da na fara fita tsakar gida na tarar ta jera wasu abubuwa masu kama da tukwane, amma na ƙasa, launin toka. Ta lulluɓe su da ciyawa da kashin shanu ta cinna wuta. Na ce a raina tsohuwar nan ta taɓu, tana ƙona kayanta da hannunta. Da wutar ta mutu ta sa sanda tana tone toka, sai ga tukwane jajaye suna fitowa.

Na ce, “Iya, ina kika kai masu launin tokan? Wa ya kawo waɗannan?”

Ta kalle ni. Ta sake kallona. Sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ce, “Kai daga wace duniya aka jeho ka? Su ne dai! Wuta ce ta gasa su. Ƙasa ai in ta ji wuta sai ta sake launi, ko yaron goye ya san wannan.”

Ban ji sauran maganarta ba. Muryar Baba Cindo kawai nake ji yana cewa in an sauke tukunya zai nuna mini. Ashe murhun yake jira! Na rarrafa na jawo jakata na zazzage ta, ban ma san abin da nake nema ba. Can a lungun ɗinki sai ga wani ɗan ƙulli na ganye wanda ba ni na sa shi ba. Na kwance. Ƙasar nan ce mai launin ruwan kududdufi, cikin tafi guda. Tsohon da na zaga a gidansa, shi ya cusa mini ita sa'ad da yake gyara mini rataya.

Iya Lantana ta miƙo mini kasko. Na zuba, na ɗora a garwashi, ina juyawa da tsinke. Koren ya fara gushewa. Ta yi duhu, ta yi duhu, sai ja ya fara tasowa daga ciki a hankali. Na sauke, ta huce, na ajiye dunƙulen Inna a gefenta. Wallahi ba ka iya cewa ga wannan ga waccan.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Inna. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Da na zauna na ci tuwon nan, da ayarin farko zan koma gida, da ɗakin Yaya ya daɗe da bushewa. Iya Lantana ta bar ni na yi mai isata, sa'annan ta ce, “To, share majina. Gobe masunta za su haye, na ce su tafi da kai.”

A cikin kwalekwale na shafa ƙonanniyar ƙasar a gishirin da ya rage mini, ɗan mitsitsi kamar babban yatsa. Kwana bakwai, tana nan. Wata guda, tana nan daram. Na yi ta sauri, inda jirgi ya tsaya in bi ƙasa, inda jaki ya gaji in sauka in ja shi, har na sake ganin tuddai bakwai da inuwarsu mai turke.

Baba Cindo na zaune a inda na bar shi. Ya ɗago ya dube ni, ga rama, ga riga ba hannu. Ya ce, “Sannu da zuwa, ɗana. Tuwon dai ya huce, amma za a ɗumama.”

Na zube a gabansa na kama ƙafarsa. Ya ɗaga ni ya ce ba a yi haka ba. Muna ci yake gaya mini ya tuna yarinyar da aka kai aure garin gishiri, 'yar maƙwabcinsa ce, shi da hannunsa ya gasa mata dunƙulen nan don ya ji an ce can ba abin da ido zai huta a kai. Ya sa aka ɗaure mini kaya a rana ɗaya. Na garzaya Bakin Ƙasa, na tarar ayari na biyu ya tashi da kwana goma sha ɗaya.

Aka ce mini ba mai ratsa Farin Fili shi kaɗai, don madugu ne kawai ya san inda rijiyoyi suke a ƙarƙashin gishiri. Kun san ni. Na hau raƙumi na shiga. Ran na shida raƙumin, da ya fi ni hankali, ya juyo da ni Bakin Ƙasa a sume, leɓɓana duk sun tsage. Dole na koma gidan Baba Cindo in jira shekara.

A shekarar nan ya koya mini aikin duka. Yadda ake jiƙa ƙasar a tace tsakuwa, a bar ta ta kwanta, a tsiyaye ruwan, a shanya, a niƙa a kan dutse har in ka murza a yatsa ba ka jin komai. Yadda ake ba ta wuta, don in ta yi kaɗan koren bai fita ba, in ta yi yawa sai ta ƙone ta yi baƙi. Yadda ake dama ta da ruwan ƙaro don ta kama bango. Hannuna na aiki, amma kullum zuciyata na gida, ina lissafin watanni ina cewa wataƙila Wanzami Dogara ya yi kuskure, ai shi ma mutum ne.

Da ayari na uku na shiga Birnin Kantu, da raƙumi huɗu na ƙasar inuwa. Ban kai ga zaure ba na ji muryarta daga ciki. “Wannan takun gaggawar, ai Auta ne!”

Ta fito ta rungume ni. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta shafa gemuna, ta ce na rame, ta ce wa ya ba ni izinin yin furfura. Na ɗauka ɗoki ne. Na ce, “Yaya, idon fa?”

Ta ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi. Dishi-dishi dai.”

Ta juya ta shige, ba ta yi tuntuɓe ba, ta ɗauko mini ruwa ba ta zubar ba. Na ga Wanzami Dogara ya leƙo daga nesa, na kau da kai, shi ma bai matso ba. Ban so in ji komai daga bakin kowa ba.

Tun ban huta ba na kwashe kayan ɗakinta na fara. Na hana ta shiga, na ce sai an gama. Kwana biyu ina damawa ina shafawa, rufi ya samu, bango uku suka samu. Ɗakin ya yi wani irin sanyi a ido, ni kaina da na tsaya a ciki sai na ji kamar an sauke mini kaya daga goshi. Abin da na dama ya ƙare, saura bangon gabas, fari fat yadda yake. Ya kamata in bari sai gobe, amma ina! Na fita na kamo hannunta.

Na ce, “Yaya, zo ki gani.”

Ta shigo ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Ta ɗaga fuska, ta buɗe ido sosai, ta yi murmushi har haƙoranta suka fito. Ta ce, “Kai, Auta! Launin Inna sak! Dubi yadda ya kwanta, ko tabo babu. Wallahi har na ji idona ya huce.”

Farin bangon take kallo.

Na tsaya kamar an dasa ni. Ta ci gaba da yabo, tana nuna gishirin da yatsa, tana cewa nan wurin ya fi kyau. Na matsa na kama kafaɗunta na juya ta a hankali, na ɗauki tafin hannunta na ɗora a kan bangon da bai gama bushewa ba.

Ta danna tafinta cikin danshin. Ta daɗe a haka, hannunta a bango. Sa'annan ta ce a hankali, “Ashe ka bar ɗaya.”

Na ce, “Na bar ɗaya, Yaya. Tun yaushe?”

“Wata biyar bayan ayari na biyu. Ni na hana kowa ya gaya maka. Na ce yaron nan ya sha wuya, a bar shi ya shafa ɗakinsa ya ji daɗi.”

Na durƙusa na rungume ƙafafunta. Na ce, “Laifina ne. Tun wata na uku na same ta, na raina ta na wuce. Ni na makantar da ke, Yaya.”

Ta lalubo kunnena ta murɗe, da ƙarfi kuwa. Ta ce, “Rufe mini baki. Kullum roƙona ɗaya, in Allah zai ɗauki guda, ya ɗauki idon ya dawo mini da kai. Ga ka kuwa.” Ta kai tafinta hanci ta sansana. “Ba ka gaya mini tana da ƙanshi ba. Gobe ka gama wancan bangon, ka kira mini 'yan matan unguwa masu ɗinki su riƙa zama a nan, su nasu idon da saura. Yanzu dai tashi ka gaya mini yadda yake. Fara daga wannan kusurwar.”

Na tashi na fuskanci kusurwar. Ta tsaya tana jira, kanta a karkace wajena, har na samu na fara.

Nan na sauke kayana, ya ku masu sauraro, wanda ya ji ya ji, Allah kuwa shi ne masani. Daga ranar zuwa yau ɗaki ɗari uku da wani abu na shafe a Birnin Kantu, nata ma na sabunta shi sau huɗu. Amma shatin tafinta yana nan a bangon yamma, yatsu biyar, daidai kafaɗata. In na zo wurin sai in kewaye shi.